Katin ɗaurin aure da firintar da ta ƙi

Ɗana, saƙonka ya iso, sai da na yi dariya har innarka ta leƙo. Wai katunan ɗaurin auren ƙanwarka sun dawo daga maɗaba'a da gurbin suna, ka zura su a firinta don ka huta da rubutu, tawada ta ƙi bushewa, ta ɓata maka guda talatin. Kuma kana tambaya ko dole ne a rubuta sunan mutum da hannu.

Firintar ba ta da laifi. Irin taka ruwan tawada take fesawa, sai takarda ta tsotse shi kafin ya zauna. Katin nan kuwa an shafe fuskarsa da sheƙi, babu inda ruwa zai shiga, sai ya tsaya a sama, robobin da ke jan takarda su kwashe shi su shafa wa na baya. Haka ma takardar da ta fito daga firintar leza: garin tawadarta kamar roba yake, da zafi ake narkar da shi ya manne, ruwan tawada ba ya zama a kansa. Zafin kuma kan lanƙwasa takardar, shi ya sa take maƙalewa. Ka goge robobin da tsumma mai ɗan danshi, ka riƙa sa kati ɗaya-ɗaya, ka rage yawan tawada, kada ka jibga su a kan juna. In ya ƙi, buga sunayen a ambulan, ita tana sha.

Mu a zamaninmu ina kati? Goro ne da alewa. Lokacin auren gwaggonka babba ina ɗan shekara goma sha huɗu, kakanka ya ƙulla goro a ganye ya ce in zaga dangi. Na yi gida tara, rana ta take, saura gidan wani kawunsa a bayan ganuwa. Na haɗu da yaron maƙwabcinsa, na danƙa masa ƙullin, na tafi ƙwallo. Ranar ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, tsoho bai zo ba. Aka tura. Ya ce goro ya zo masa, amma bai ga wanda ya gayyace shi ba. Kakanka bai ɗaga murya ba, keke kawai ya nuna min. Na je na durƙusa a zaure, tsohon yana jan carbi, ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta mutu, sannan ya ce a miƙo masa babbar rigarsa. Ni na turo keken, shi yana tafe a gaba, jama'a na jira. Da dare kakanka ya ce min, zumunta a ƙafa take, zuwa da kai ya fi saƙo.

Yanzu kuwa sai ku ɗauki hoton kati ku watsa a WhatsApp, sa'an kakanku ya ga gayyatarsa tare da ta abokan ƙwallonku. Ba na cewa haramun ne. Abokanka, buga musu yadda ka so. Amma na baffanninka da surukai, nemo biro, gwada a bayan ɗaya ka ga ko yana kamawa. Nawa kuma kada ka ba ɗan acaɓa, ina gida bayan La'asar.