Digirin "sakin jiki" a Denmak: tausa ce, fisiyo ce, ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Denmak shekara shida kenan, muna zaune kusa da Aarhus, yarana biyu. Ina aikin kula da tsofaffi a ƙarƙashin kwamun ɗinmu, wato ƙaramar hukuma, kuma akwai wata mata da ke zuwa duk sati tana sa tsofaffin motsa jiki da numfashi, ta ce min ita psykomotorisk terapeut ce. Wallahi aikinta ya burge ni har na fara tunanin komawa makaranta. Amma maigidana ya ce wai wannan ai tausa ce kawai aka sa mata babban suna, gara in yi fisiyo. Ina da WAEC da NCE, na kuma ci jarrabawar Danishanci ta Prøve i Dansk 3. Don Allah mene ne gaskiyar karatun nan, shekara nawa ne, kuma in mun koma gida zai yi min amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya yara. Toh, ki gaishe da maigida, ki ce masa rabin maganarsa ta yi, rabi kuma ba ta yi ba. Ba tausa ba ce. Amma shawarar fisiyo ɗin da ya kawo kar ki yar da ita tukuna, zan dawo kanta.

Bari in fara da sunan, don shi ke rikita mutane. A da can masu wannan aiki a Denmak sunansu afspændingspædagog. Kalmar spænding na nufin ɗaurewa ko tamkewa, kamar igiyar guga da aka ja ta yi tam, afspænding kuma shi ne sassauta ta, wato dai malamin koyar da sakin jiki. Daga baya aka koma kiransu psykomotorisk terapeut, psyko ɗin zuciya da tunani, motorik ɗin motsi. Kuma mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan tunanin ko kaɗan, mu ne fa masu cewa jiki magayi. Ki duba yadda muke magana: gabana ya faɗi, jikina ya mutu, hantar cikina ta kaɗa, zuciyata ta yi nauyi, wuyana ya riƙe tun da na ji labarin. Mace za ta je asibiti sau biyar da "ciwon jiki", a yi gwajin maleriya a yi na taifod ba a ga komai ba, alhali abin da ke cinta yana gida. Wannan wurin da damuwa ke sauka a tsoka da numfashi, shi ne gonar wannan sana'ar.

Abin yana da tushe a ilimin jiki, ba surkulle ba ne. Idan mutum ya tsorata, akwai sashen jijiyoyi da ke tashi ba tare da ya ba shi izini ba, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji, kafaɗu su ɗaga, muƙamuƙi ya cije. In haɗarin ya wuce ɗaya sashen ya karɓa, komai ya lafa. Matsalar ita ce wanda ya shekara yana zaune cikin fargaba ko matsin aiki, nasa ba ya lafawa, har ya saba ya ɗauka haka jikin kowa yake. Tun 1929 wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ya fitar da hanyarsa ta a ɗaure tsoka da gangan sannan a sake ta, gaɓa bayan gaɓa, don mutum ya gane bambancin biyun. A 1932 Johannes Schultz a Jamus ya fito da tasa, wadda mutum ke maimaita wa kansa cewa hannuna ya yi nauyi, hannuna ya yi ɗumi, har jikin ya bi. A Denmak kuma sunan da za ki ta ji shi ne Gerda Alexander, Bajamushiya ce da ta zauna a Kofanhagen ta buɗe makaranta a can, ita kuma abin da ta nace a kai shi ne ba saki kawai ake nema ba, daidaito ake nema. Wannan batu nata, ni da nake wannan sana'ar, ya fi min komai amfani a aiki, domin ba kowa ne ke zuwa a ɗaure ba. Wani zai zo miki tsokarsa ta saki gaba ɗaya kamar tsumma, ya sallama, irin wanda baƙin ciki ya daɗe da kwantar da shi, to wannan in kika ce masa kwanta ka saki jiki ai ƙara nutsar da shi kika yi, shi tayar da shi ake yi, ya taka ƙasa da ƙarfi, ya tura bango, ya ji cewa yana da ƙashi.

Shi karatun kansa digiri ne na sana'a, professionsbachelor, shekara uku da rabi, simesta 7, maki 210 na ECTS (ma'aunin nauyin karatu na Turai), daidai da tsawon na fisiyo da na nas. Wurare biyu aka san shi da su, garin Hillerød a ƙarƙashin kwalejin Københavns Professionshøjskole, da garin Randers a ƙarƙashin kwalejin VIA, kuma ke Randers ba ta da nisa da ke, jirgin ƙasa wajen rabin awa daga Aarhus. Za ki yi ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, sunayen tsoka da ƙashi da Latin sai kin haddace su kamar karatun allo, ga ilimin halayyar ɗan Adam, ga dabarun koyarwa, ga cututtuka har da na ƙwaƙwalwa, ga yadda ake jagorantar rukuni a motsa jiki, ga yadda ake kula da mutum ɗaya a kan gadon magani, sannan a tura ki firaktikal a wuraren aiki, a ƙarshe ki rubuta furojet. Duk da Danishanci.

Yanzu ga abin da takardun talla ba sa faɗa da ƙarfi, kuma shi nake so ki fi yin tunani a kai. A wannan kwas ɗin jikinki shi ne littafin farko. Ba za ki zauna a bayan aji kina kwafar lakca ki ci jarrabawa ki tafi ba. Na tuna satin farko da aka ce mu kwanta a ƙasa kan tabarmar roba, malama tana yawo a hankali tana cewa me kuke ji a tafin ƙafar hagu, ni kuwa a raina ina cewa yau na ga ta kaina, na bar girki a gida na zo kwanciya. Da aka zo kaina na ce ba na jin komai, ta ce to wannan ma bayani ne, rubuta shi. Sai da na yi wata biyu kafin na gane cewa tun ina 'yar yarinya nake riƙe numfashi duk lokacin da babba ya ɗaga murya, kuma har ranar ina yi. Akwai ranar da za ki ga babbar mace ta fashe da kuka a tsakiyar atisayen numfashi, ba wanda ya taɓa ta ma. Za a sa ki rubuta abin da kika ji, ki faɗa a gaban rukuni. Mu da aka raina da kunya da kawaici, a ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wannan ya fi haddar tsoka wahala nesa ba kusa ba.

Sai batun taɓa jiki. Ɗalibai a kan junansu suke koyon aikin hannu, yau ke ce mai yi gobe ke ce a kwance, kuma don a ga yadda baya da kafaɗa ke motsi akan buƙaci a rage kaya. Yawancin ajin mata ne, amma akan samu maza. Kar ki bari sai kin shiga ki tarar da wannan a bazata. Ki nemi mai ba ɗalibai shawara, studievejleder, tun kafin ki cike fom, ki faɗa mata ƙarara, ni Musulma ce, ina sa hijabi, ya ake yi da atisaye da jarrabawar aikin hannu, zan iya zaɓar mace abokiyar atisaye, a wurin firaktikal fa. Mutanen nan sun fi son a yi musu magana kai tsaye, kwana-kwana ne ke ba su haushi. Ki kuma zauna da maigida a kan wannan tun yanzu. Ki sani dai fisiyo ma haka take, ko ma fiye, saboda haka canza kwas ba zai kauce wa wannan ba.

Shiga kuwa, ta shafin intanet na optagelse.dk ake nema. Mai takardun ƙasar waje ranar 15 ga Maris ƙarfe 12 na rana ce iyakarta, kar ki rikice da 5 ga Yuli da za ki ji 'yan ƙasa suna ambata, amsa kuma tana fitowa ƙarshen Yuli. WAEC ita kaɗai sau da yawa ba ta kai matsayin takardar sakandarensu, shi ya sa NCE ɗinki ke da daraja, ki haɗa su duka ki tura wa hukumar da ke tantance takardun waje, Uddannelses- og Forskningsstyrelsen, ki yi da wuri don ba a kwana ɗaya suke amsawa ba. In an ce akwai giɓi, ana cike shi da darussan HF, wato na matakin sakandare, a VUC, makarantar manya, ana iya ɗaukarsu ɗaya-ɗaya kina aiki. Prøve i Dansk 3 kin yi ƙoƙari, amma abin da aka saba nema a babbar makaranta shi ne Studieprøven, mataki ɗaya sama. Ni ma ko ba a tilasta ba zan ce ki yi ta, don aikin nan da murya ake yinsa, za ki tsaya gaban mutum goma sha biyu idonsu a rufe kina jagorantarsu da kalmomi kaɗai, in kina laluben kalma su ma jikinsu ba zai saki ba. Kuɗin makaranta da tallafin SU, kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibai, kuma sun danganta da irin takardar zamanki, ki tambaya da ita a hannu, kar ki dogara da abin da wata ta ce an yi mata.

To mu dawo kan maganar maigida. A Denmak fisiyo da ergoterapeut (mai koyar da ayyukan yau da kullum) da nas suna da lasisin gwamnati, abin da suke kira autorisation, sunan aikinsu doka ta kare shi. Psykomotorisk terapeut ba ya cikin wannan jerin, ƙungiyarsu DAP ta daɗe tana fafutukar a sa su. Ba wai digirin na bogi ba ne, a'a, gwamnati ta san shi sarai. Amma a kasuwar aiki ana jin bambancin, tallan aikin da ya ambaci sunanki kai tsaye kaɗan ne, sau da yawa ke za ki nemi aikin da aka rubuta da wani suna ki bayyana musu abin da za ki iya. Ana samunsu a gidajen tsofaffi kamar wadda kika gani, a sashen masu taɓin hankali, a shirye-shiryen kwamun na mayar da waɗanda damuwa ta kwantar bakin aiki, wurin koyar da masu ciki shirin haihuwa da atisayen bayan haihuwa, wurin yara masu jinkirin motsi, wasu kuma sun buɗe nasu, wasu suna haɗa awa biyar nan awa goma can. Mai son albashi tsayayye daga ranar farko, fisiyo ta fi mata kwanciyar hankali, wannan gaskiya ce ko da ba ta min daɗin faɗa.

Kuma sana'ar nan kowace ƙasa da yadda ta ɗauke ta. A Faransa tun 1974 suke da difloma ta gwamnati, shekara uku, likita ne ke turo mara lafiya, kuma aikinsu ya fi karkata ga yara. A Holan suna da tasu ta shekara huɗu, ta fi zama a asibitocin ƙwaƙwalwa. A Beljiyam kuwa an buɗe kwas ɗin ɗalibai suka shiga suka gama, sai a 2016 gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa da shi a matsayin sana'ar lafiya, yara suka tsaya da takarda a hannu. Ko Ingila ma ba su san sunan ba a jerin ma'aikatan lafiyarsu. Takarda ce da ba ta cika son tsallaka iyaka ba.

A gida hukumar da ke yi wa masu aikin farfaɗo da lafiyar gaɓoɓi rajista ita ce MRTB, kuma waɗanda aka saba da su a can su ne fisiyo, masu koyar da ayyukan yau da kullum, masu gyaran magana da ji. In kika shiga asibitin koyarwa da wannan digirin, tambayar farko da za a yi miki a ofishin ɗaukar ma'aikata ita ce a wane layi za mu sa ki. Buƙatar kam tana nan jibge, ki tuna matan da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga ba sa barci, da masu jego da ba wanda ya taɓa koya musu yadda za su dawo da ƙarfin mara bayan ruwan zafi da kunun kanwa, da yaran da ake ce wa sakarai a aji alhali hannunsu ne bai iya riƙe fensir ba. Sai dai wannan aikin a ƙungiyoyin agaji da makarantu masu zaman kansu ko wurin da kika buɗe da kanki za ki yi shi, ba a kan matakin albashin gwamnati ba.

Saboda haka ni in ni ce ke, tambayar da zan fara yi wa maigida ita ce komawar nan da gaske ce kuma yaushe, ko irin "bana za mu koma" ɗin nan ce da muke yi shekara ashirin. In nan da shekara biyar ne kuma kina son aikin asibiti, yi fisiyo, a Aarhus ma ana yinta, daga baya ki ɗora kwasa-kwasan numfashi da sakin jiki a kai, ba abin da ya hana. In kuwa zamanku a nan ne, kuma abin da ya ja ki shi ne yadda matar nan ke sa tsohon da ya ƙi magana ya ɗago kai, to wannan ba a fisiyo za ki same shi da zurfin da kike so ba, ki tafi Randers. Shekara shida kina ɗaga tsofaffi kina musu wanka, hannunki ya riga ya san abubuwan da 'yan shekara ashirin na ajin za su yi simesta uku suna nema.

Kafin Maris dai ki roƙi matar nan ta bar ki ki bi ta yini guda, ki tambaye ta wata nawa ta yi kafin ta samu aikin farko da kuma awa nawa take da su a sati. Makarantun kuma suna yin ranar buɗe ƙofa, åbent hus, a farkon shekara, ki je da wando mai saki da safa mai kauri don wataƙila a ce ku kwanta a ƙasa. In kin dawo ki rubuto min abin da kika ji a tafin ƙafar hagu.