Kwamfutata ta ƙi tashi: in sayi sabon faifai ko sabuwar kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina aiki da kwamfutata ta tebur. Shekaranjiya na kunna ta, fanka na juyawa, fitila ta kama, amma sai baƙin allo da rubutun da ke cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Takardun aikina da hotunan iyali duk suna ciki. Wani ya ce faifan ajiya ne ya mutu, in sayi sabo, wani kuma ya ce in sayi sabuwar kwamfuta in huta. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ta kowa tukuna, riƙe kuɗinka. Tunda har ta yi maka rubutu a allo, ƙwaƙwalwarta da babban allon da ke cikinta (motherboard) suna da rai, hanyar zuwa Windows ce ta ɓace mata.

Fara zare duk wani filas da ke jikinta, domin wani lokaci shi take ƙoƙarin tashi da shi. In ba ta canza ba, sake kunnawa kana danna Del ko F2 (a yawancin HP kuwa F10) har ka shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfutar da ke zuwa kafin Windows. Abu ɗaya za ka nema: sunan faifanka yana cikin jerin na'urorin da ta gani?

In yana nan, ka yi hamdala. Dubi agogon da ke wurin. Idan kwanan wata ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allon, CR2032, shi ne ya ƙare. In ya mutu, saituna kan koma na asali: jerin abubuwan da take tashi da su ya rikice, ko ta bar UEFI (sabon tsarin tashi) ta koma tsohon tsari, ko AHCI (saitin yadda take magana da faifai) ya sauya. A kwamfuta mai shekara shida, shi nake fara zargi, kuma abin yana ba ni takaici yadda ake jefar da lafiyayyen faifai saboda shi. Canza batirin, ka mai da Windows Boot Manager, wato mai tayar da Windows, sahun farko a wannan jerin. In har yanzu ta ƙi, ka haɗa filas ɗin saka Windows, mai aƙalla gigabait 8, ka zaɓi gyara. Don Allah kada ka danna sakawa sabo, nan ne ake shafe aikin shekaru.

In kuwa BIOS bai ga faifan ba, kashe ta, zare wayar wuta, ka buɗe murfin. Wayoyi biyu ne ke shiga faifan SATA, wato irin wanda ake jonawa da waya, siririya ta bayanai da mai faɗi ta wuta. Zare su ka mayar da kyau, ka gwada wata waya da wata kafa.

Amma ka kasa kunne. Idan faifan yana ƙas-ƙas-ƙas yana maimaitawa, daina kunna shi nan take. Allurar da ke karanta shi ce ta samu matsala, kuma kowace kunnawa na iya ƙara karce wurin da hotunan nan suke. Wannan sai ƙwararrun ceto bayanai. In ba ya ƙara, a jona shi da wata kwamfuta a kwashe kayanka kafin komai. Idan an kulle shi da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, za a nemi makulli mai lamba 48, ka duba asusunka na Microsoft.

Sai faifan ya tabbata matacce za a zo maganar saye, kuma a nan shawarata SSD ce, sabon nau'in faifai mai sauri. Na SATA yana kai kusan megabait 550 a daƙiƙa, ba shi da abin da ke juyawa a ciki, kuma wayoyin da kake da su za su shige shi. Kada ka ɗauko NVMe, ɗan siririn SSD da ake sokawa kai tsaye, sai ka ga kafarsa, wato M.2, a babban allon kwamfutarka. Sabuwar kwamfuta kuwa, dalili ɗaya zai sa in goyi bayan sayenta: in taka ba ta da TPM 2.0, ɗan sashen tsaron da Windows 11 ke nema, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025.