Access ya ƙi karɓar hotunan ɗalibai

Tambaya: Malam, ni ke kula da rajistar ɗalibai a wata makarantar kuɗi a Zariya, da Microsoft Access, manhajar adana bayanai, nake aiki. Kwanan nan duk sanda na zo maƙala hoton ɗalibi ko takardar haihuwarsa, sai ya ce ba zai iya buɗe ma'ajiyar ba, wai ƙila ta lalace. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin hankalinka ya tashi, duba girman fayil ɗin. Ma'ajiyar Access ba ta wuce gigabayit 2, abin da aka maƙala guda ɗaya kuma iyakarsa megabayit 256. Hotunan wayoyin yanzu nauyi gare su, kuma Access ba ya ƙara matse hoton JPEG, wato irin wanda yawancin wayoyi ke ɗauka, don dama a matse yake. Ina kyautata zaton ma'ajiyarka ce ta cika.

Fara kwafe fayil ɗin a filashi tukuna, sannan a cikin Access ka danna maɓallin Compact and Repair, zai dawo maka da gurbin bayanan da aka goge. Amma ni dai ba na zuba hotuna cikin Access ko kaɗan. Buɗe folda daban, kowane hoto ka sa masa lambar ɗalibinsa, a rajista kuma ka rubuta inda yake kawai. Ɗaliban da suka riga suka kammala ma, ka kwashe su zuwa wani fayil.