Kantatar Bartok ba a yi mata ƙwauron murya

Yaro, ka tambaye ni ko mawaƙanka talatin za su iya ɗaukar Cantata Profana, doguwar waƙar rukunin mawaƙa da makaɗa ta Bela Bartok, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Hungary, ba tare da an raba su gida biyu ba. Ba za su iya ba. A 1930 ya rubuta ta don rukuni biyu na mawaƙa, da tena (namiji mai siririyar murya), da bariton (namiji mai matsakaiciyar murya), da cikakken taron makaɗa, kuma ba don ado ya yi hakan ba. Daga waƙoƙin ƙauyawan Romaniya ya ɗauko labarin: uba bai koya wa 'ya'yansa tara komai ba sai farauta, suka nausa daji har suka rikiɗe bareyi. A wurin farautar nan muryoyi bin sawun juna suke, wannan rukuni ya jefa, wancan ya cafe. In ka cakuɗa su wuri guda, wa zai kori wa?

Irin wannan ƙwauron ne ya ci ni. Wani mai shirya biki ya ɗauke ni aikin nan, ya yi alkawarin mawaƙa tamanin, ya ba ni kafin alƙalami. Da hannuna na kwafe takardar kowace murya, na yi ta fama da su har suka daina tsoron sautukan da ke gogar juna. Ana gab da biki ya sallami rabinsu, wai kuɗin mota ya yi yawa, sannan ya turo mini ɗan ƙanwarsa a matsayin tena. Tena fa! Mai wannan murya shi ne babban ɗan a labarin, mai gargaɗin uban kada ya harbe su, kuma Bartok ya kai muryarsa can ƙololuwa. Nan muryar yaron ta tsage a gaban jama'a, ƙahoni da tambura suka binne sauran. Washegari mutumin ya dube ni ya ce hayaniya na kawo masa, ya hana ni cikon kuɗina. Allah ya isa.

Ku yaran yanzu, da kun saurari minti ashirin ɗinta a waya sai ku ɗauka kun iya. Ƙirgen kiɗa da jan numfashi ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san su ba me ya kawo shi? Je ka nemo tena tukuna, ka gwada shi a gabana, sannan mu yi zancen ƙarin mawaƙa. Kuma kada ka taɓa alƙalami sai an biya rabi.