Boris ko bush? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Boris ɗin hannun injinmu ba ya daɗewa yake watsewa, maigida har ya fara zargina da sakaci. Hannun lilo yake yi da kaya mai nauyi, ba ya zagayawa. In koma bush?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, da wuya laifinka ne. Inda shaf ke kai da kawowa a hankali ƙarƙashin nauyi da bugu, ƙwallayen boris wuri ɗaya suke dannawa har su lotsa hanyar da suke bi. Bush kuwa, wato zoben nan marar ƙwallaye da shaf ke juyawa a cikinsa, da faɗin jikinsa yake ɗaukar nauyin, shi ya sa ake sa shi a gaɓoɓin motar haƙa ƙasa. Ka koma, amma ka fara shafa shaf ɗin da farce. In ka ji kaushi ko zane, a gyara shi tukuna, don zai cinye sabon bush nan da nan.

Sai dai ina ka sayi boris ɗin? Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Jabu sun cika kasuwa, a kwali mai sunan manyan kamfanonin boris irin SKF ko NSK, rubutu tsaf, ƙarfen ciki kuwa bai ƙonu yadda ya kamata ba. Mutum ya ga rabin kuɗi ya yi murna, ya manta araha ba ta ado. Ranar da boris ɗin ya kama, shaf zai tafi, gidan boris zai tafi, aiki ya tsaya. Ku riƙa saye wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, ku karɓi rasit. Bush ma haka: ba kowane jan ƙarfe da aka tsinto aka feƙe ne tagullar bush ba.

Tambaya: Tunda bush ya fi araha, in canza boris ɗin motar lantarki mai juya inji duka?

A'a. Wa ya ba ka wannan shawara? Abin da ke gudu yana yawan tashi da tsayawa, bar masa boris. Bush mai gudu a kan siririn mai yake yawo, kamar metal ɗin karanshaf na injin mota, kuma lokacin tashi yake cin jiki, kafin man ya shiga tsakani.

Tambaya: An ce wani bush ba ya son giris?

Akwai. Na garin tagulla da aka matse yana riƙe mai a ƙofofinsa, mai rufin PTFE kuma, wato wata roba mai santsi, a bushe yake aiki. Na tagullar, kada ka goge cikinsa da sanfefa, za ka toshe ƙofofin.