Lay ne ko laid? Amsoshin wannan makon

Tambayoyin wannan karon duk kan Turanci suka karkata, ni kuma Hausa na karanta, amma tunda kun matsa bari mu taɓa.

Wani ɗalibi yana tambaya ko found da founded abu ɗaya ne. A'a ɗana. Found shuɗaɗɗen find ne, wato ya samu ko ya tsinta. Founded kuwa ya kafa, irin kafa makaranta ko ƙungiya, asalinsa ma daga Latin ne ya biyo ta Faransanci. In ka rubuta "I founded my phone" to ka kafa wayarka kenan, Allah ya sanya alheri.

Wata baiwar Allah ta ce lay da laid sun hana ta sakat. To wannan ita ce tambayar da ta min daɗi, don Bahaushe bai kamata ya ruɗe a nan ba ko kaɗan, abin yana cikin bakinsa tun yana goye. Lie shi ne kwanta, in ya wuce sai ya koma lay. Akwai kuma wani lay ɗin daban mai nufin kwantar da abu ko ajiye shi, shi ne yake komawa laid. Kwanta da kwantar, shi kenan fa. Haka rose da raised, ya tashi da ya tayar. Haka fell da felled, itace ya faɗi da kansa ko wani ya sare ya kayar da shi. Mu ƙarshen kalma muke taɓawa, zauna ta zama zaunar, fita ta zama fitar, abin da masu nahawu ke kira giredi na 5 a tsarin rabe-raben aikatau da masanin Hausa Parsons ya fitar a 1960, su kuma Turawa tsohon Turanci wasalin tsakiya ya canza musu shi ya sa kalmomin suka yi ta karo da juna har su masu harshen suna tuntuɓe. Amma abin da ke ban haushi shi ne namu yaran da ke yar da wannan r ɗin a rubutu, kwanaki na ga wata ta rubuta wai ta kwanta da mara lafiya a gadon asibiti, alhali kwantar da shi ta yi, harafi ɗaya ya ja mata magana. Sauran lied, wannan na ƙarya ne, ba ruwansa da shimfiɗa.

Hung da hanged: mu duka rataye muke cewa. Su riga ko hoto hung, mutumin da aka zartar wa hukuncin rataya hanged.

Mai tambayar ko "kama da wane ba ta wane" ta dace da wannan batu, ta dace mana, sai dai ka daina rubuta ba ta a haɗe, bata wani abu ne daban.