Amsa: wai kuɗi kaɗai ke shigar da mutum kulob ɗin manya na Landan?

Malam ka tambaya ko duk mai kuɗi zai iya shiga irin kulob ɗin nan na attajiran Ingila, gaskiya a'a, kuɗi kaɗai bai isa ba. Ɗauki White's, shi ne mafi tsufa a Landan, a 1693 wani ɗan Italiya Francesco Bianco ya buɗe shi a matsayin shagon shan cakulan mai zafi, daga baya masu sarauta da 'yan caca suka mayar da shi wurin zamansu a titin St James's.

Ba fom ake cikewa ba, dole sai wani mamba ya gabatar da kai, wasu su sa hannu sun yarda da halinka, sannan ka zauna jira wani lokacin shekaru. A da kuma ƙuri'ar sirri ake yi da ƙwallaye, fari na nufin an yarda, baƙi an ƙi, kuma ba za ka taɓa sanin wanda ya jefa maka baƙin ba, wallahi wannan ɓangaren ne ya fi ban haushi, kana iya cin abinci da mutumin gobe.

Har yau mata ba sa zama mambobi a White's, shi ya sa David Cameron, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya fice a 2008 duk da mahaifinsa ya taɓa shugabantar wurin. Wani kulob ɗin kuwa mai suna Garrick, wanda aka kafa a 1831, sai a 2024 suka kaɗa ƙuri'a aka fara karɓar mata.